Rajista ta yi sauƙi, amma kuturtar ta ragu kuwa?

Sabi'u: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara. Ni ke riƙe da rajistar kuturta ta gundumarmu, ƙauyuka ne zalla, wasu ma mota ba ta kai musu. Na gama haɗa rahoton shekara, sai na ga sababbin da muka rubuta bana ba su kai rabin na shekarun baya ba. Shugabana ya ji daɗi, har ya ce in sa a rahoto cewa mun kusa kawar da cutar. Na ɗauki biro na kasa rubutawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin 'yan kaɗan ɗin nan akwai yarinya 'yar shekara 9, sannan mutum biyu sun zo ne yatsunsu sun riga sun lanƙwashe. Ni ne ke da baƙin ciki da nasara, ko kuwa akwai lauje cikin naɗi?

Nura: Wa alaikumus salam Malam. Ni ɗalibi ne, a yi mini afuwa in na yi kuskure, amma ai an koya mana cewa tun shekarar 2000 aka kawar da kuturta a duniya. In adadi ya ragu a wurinku ai abin da ake tsammani ke nan.

Dakta Hauwa: Nura, kalmar "kawarwa" ɗin nan ta yi ɓarna ba kaɗan ba. A 1991 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa buri cewa kafin 2000 masu kuturta da ke kan magani su koma ƙasa da mutum 1 cikin kowane 10,000. Wannan ma'aunin aka cimma a matakin duniya. Ba a ce cutar ta daina yaɗuwa ba. Ka ɗauki gunduma mai mutum 200,000: in tana da mutum 19 a rajista, a takarda ta "kawar" da kuturta, alhali mutum 19 na nan suna shan magani, ban da waɗanda ba a gano ba.

Kuma ka lura da yadda rajista ke ramewa ba tare da cuta ta rame ba. A 1985 sama da mutum miliyan 5 ne ke rubuce a duniya, domin a zamanin da ake ba da maganin dafson kaɗai mutum kan yi shekaru, wani har ya mutu, sunansa na cikin littafi. Da haɗin magunguna ya zo aka riƙa sallamar mutane. Daga baya a ƙarshen shekarun 1990 aka rage wa'adin shan magani na masu cutar mai yawa daga wata 24 zuwa wata 12. Wannan kaɗai ya zaftare lissafi. Amma sababbin kamuwa har yanzu suna wajen 200,000 a shekara, mafi yawansu a Indiya, Burazil da Indonesiya.

Malam Sabi'u, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Yarinyar nan ita ce rahotonka.

Nura: Dakta, yaya yarinya ɗaya za ta rinjayi dukkan lissafi?

Dakta Hauwa: Saboda ƙwayar kuturta ba ta da gaggawa. Kafin ta rabu biyu sai ta yi kusan mako biyu, alhali wasu ƙwayoyin cikin mintuna suke yi. Daga kamuwa zuwa fitowar alama a kan ɗauki kamar shekara 5, wani ya kai 20. To in dattijo ya zo da tabo, mai yiwuwa tun da daɗewa ya ɗauka, ba zai gaya maka halin da ake ciki yau ba. Amma 'yar shekara 9 fa? Duk yadda aka yi cikin shekarun nan ta ɗauka, kuma wurin wani da take zama da shi ta ɗauka. Wannan mutumin yana nan, kuma da alama ba ya cikin littafin Malam Sabi'u. Su kuma masu lanƙwasassun yatsu, abin da muke kira nakasa mataki na 2, suna nuna an makara ne wajen ganowa. Adadi kaɗan, ga yaro a ciki, ga nakasa a ciki: wannan ba alamar cuta ta ja baya ba ce, alamar nema ne ya ja baya.

In kana son misali babba, dubi 2020. A 2019 an samu sababbi sama da 200,000 a duniya, a 2020 suka faɗo ƙasa da 130,000. Korona ce ta warkar da kuturta? Ma'aikata ne suka daina fita, mutane suka daina zuwa. Da aka koma aiki adadin ya sake hawa, a 2023 ya haura 180,000.

Baba Ilu: Hauwa 'yata kin gama magana. Sabi'u, ni tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa tsakaninka da Allah. A shekarun da adadin yake da yawa, sau nawa kuke fita ƙauyuka? Bana kuma sau nawa?

Sabi'u: Baba ka kama ni. Da muna fita duba fata kusan kowane wata uku. Shekara biyu ke nan ba mu fita ba, kuɗin mai ya tsaya. Sannan ma'aikacin da ya fi kowa iya gane ta an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai taɓa ganin mai kuturta da idonsa ba.

Baba Ilu: To ka ga amsarka. Na yi shekara talatin da wani abu a wannan aiki kafin in yi ritaya, kuma abin da na fi tsoro ba ƙwayar ba ce, ranar da za a wayi gari babu mai gane ta a ƙaramin asibiti. Da muna da ma'aikata na kuturta zalla. Aka ce a haɗe aikin cikin asibitocin kowa da kowa don a rage wariya. Niyya mai kyau ce, ban musa ba. Amma aka haɗe aiki ba a haɗa da koyarwa ba. Yanzu mutum zai zo da tabo, a ce ƙyasfi ne ko makero, a ba shi man shafawa. Ya dawo bayan wata shida a canja masa wani man. Sai ranar da ya ƙone hannu bai ji ba sannan a ce "af".

Abin kuwa ba wuya gare shi ba. Tabon da ya fi sauran fata haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi. Ka murza auduga ta yi tsini, ka nuna wa mutum yadda za ka taɓa shi idonsa buɗe, sannan ya rufe ido ya riƙa nuna maka da yatsa inda ka taɓa. In ka taɓa cikin tabo bai ji ba, ka taɓa gefe ya ji, ka samu. Sai ka lalubi jijiyoyi, ta bayan gwiwar hannu, ta gefen gwiwar ƙafa, ta bayan idon sawu, ka ji ko sun yi kauri ko suna zafi. A haske za ka duba, ba cikin ɗaki mai duhu ba, kuma duk jiki, har baya da ɗuwawu. Rabin tabban da na gano a rayuwata a wuraren da mai su ba ya iya gani suke.

Anti Rabi: Baba "duk jiki" ɗin nan shi ne inda gizo ke saƙar. A asibitinmu ni kaɗai ce mace, kuma ba kullum nake nan ba. Mace ba za ta buɗe wa namiji bayanta ba, za ta miƙa masa hannu da fuska ne kawai ya ce lafiya lau. Shi ya sa in na ga rajista maza sun ninka mata nake cewa a bi a hankali, kafin a ce maza sun fi kamuwa a tambaya wa ya duba matan.

Dakta Hauwa: Anti Rabi, a ƙasashe da yawa maza sun fi yawa a rahoto, kuma akwai alamar wani ɓangare na hakan gaskiya ne. Amma in mata sun yi ƙaranci fiye da kima, ni ma abin da nake fara zargi ke nan.

Garba na ɗakin gwaji: Ku bar ni in ɗan jefa tawa. Gwajin auduga yana da iyaka. Akwai nau'in da ya fi kowanne ƙwayoyi, wanda sau da yawa ba ya zuwa da tabo mai mutuwar ji tun farko. Fata ce kawai za ta yi kauri tana sheƙi, fatar kunne ta kumbura, gira ta fara zubewa daga gefe, hanci ya riƙa toshewa. Irin wannan mutumin zai ci gwajin auduga ya wuce, kuma shi ne ya fi yaɗawa, don ta hanci da baki ƙwayar ke fita. Shi sai an ɗan tsaga fata an kankaro an duba a madubin gwaji. Kuma kada wani ya ce a "shuka" ta a ɗakin gwaji kamar sauran, tun da likita Hansen ya gano ta a Bergen ta ƙasar Norwe a 1873 har yau ba a iya renon ta a kwano ba. Matsalar ita ce masu iya wannan gwajin fata sun yi ƙaranci. Ni kaina sai da na nemi wani tsohon ma'aikaci ya sake nuna mini.

Abu Sadik: Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ƙanina ne ya sa ni a zauren nan. Amma ku gaya mini gaskiya, ba gado ba ce? Na san gidan da kaka ta yi, uba ya yi, ɗa ya yi. In ba a jini take ba me ya sa take bin gida ɗaya?

Baba Ilu: Tana bin gida ne don gida ɗaya ake kwana, ɗaki ɗaya ake numfashi shekara da shekaru. Ba a haifar jariri da ita. Kuma kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu na iya kashe ƙwayar ko sun haɗu da ita. Abin da za a iya gada shi ne raunin garkuwa a kanta, ba ita kanta ba. Gaisawa, zama kusa a mota, ba sa kawo ta. Ni da na wanke gyambon mutane da hannuna tsawon shekaru ga ni nan da yatsuna goma ina danna waya, ko da yake jikokina na cewa ban iya ba.

Abu Sadik: Na ji Baba, amma har yanzu da za a ce in ba da 'yata gidan da aka taɓa yi, sai na yi tunani.

Maman Fadila: Malam Abu Sadik, to ga ni, ni ce irin gidan da kake faɗa. Na jima ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Na sha maganin nan wata 12 cif, yau shekara bakwai da sallama ta. 'Ya'yana uku, an duba su, babu wanda ya kamu. Wannan tunanin naka shi ya sa na ɓoye tabona fiye da shekara guda, har ƙaramin yatsana na hagu ya mutu, bai dawo ba. Ba rashin magani ya ci mini yatsa ba, tsoron bakin mutane ne.

Kuma tunda ma'aikata na nan, bari in faɗa muku laifinku. Ranar da aka ba ni katin magani na farko babu wanda ya ce mini fitsarina zai yi ja. Na kwana ina kuka na ɗauka jini ne. Babu wanda ya ce fatata za ta yi duhu. Da ta fara duhu maƙwabta suka fara tambaya, saura kaɗan in watsar da maganin. Minti biyar na bayani da ya ishe ni.

Anti Rabi: Allah sarki 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi kin faɗi gaskiya, laifinmu ne. Jan fitsarin aikin maganin rifamfisin ne, na 'yan sa'o'i ne bayan shan na wata-wata. Duhun fata kuma kilofazimin ne, yana washewa a hankali bayan an gama. Wanda ya kamata a tsorata da shi shi ne dafson in ya kawo zazzaɓi da ƙuraje da ciwon shawara a makonnin farko, wannan a tsayar a garzaya asibiti.

Abu Sadik: Maman Fadila ki yafe ni, ban san akwai wanda abin ya shafa a nan ba.

Maman Fadila: Kullum akwai, Malam. Ba ma faɗa ne kawai. Na yafe.

Nura: Dakta, an ce yanzu kowa magani uku yake sha? Littafinmu ya ce masu tabo kaɗan biyu ne.

Dakta Hauwa: Littafinku ya tsufa kaɗan. Tun 1981 aka ba da shawarar haɗin magunguna saboda ƙwayar ta fara jure wa dafson. A ƙa'idar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa ukun: rifamfisin, dafson da kilofazimin. Mai tabo 1 zuwa 5 wata 6, mai fiye da 5, ko wanda jijiya ta taɓu, ko aka ga ƙwaya a gwajin fata, wata 12. Sai dai ka bi ƙa'idar ƙasarka, don ba duka suka sauya lokaci ɗaya ba. Maganin kyauta ne tun 1995, da farko da tallafin gidauniyar Nippon ta Japan, daga 2000 kuma kamfanin Novartis ke bayarwa ta hannun Hukumar. Duk wanda ya sayar da shi sata ya yi. Kuma da zarar an fara sha mutum ya daina yaɗawa, babu dalilin ware shi.

Mu koma kan yarinyar Malam Sabi'u. Ni shawarata: a duba duk mutanen gidansu da maƙwabta, duk wanda ba shi da alamar kuturta ko tarin fuka, kuma ya kai shekara 2, a ba shi rifamfisin sau ɗaya na rigakafi. Babban binciken da aka yi a Bangaladash, wanda ya fito a 2008, ya nuna hakan ya rage kamuwa da kashi 57 cikin 100 a shekara biyun farko, kuma kariyar ta fi ƙarfi ga wanda aka yi wa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka yana jariri.

Baba Ilu: A nan ne zan rabu da ke, Hauwa. Ba na jayayya da binciken. Amma shi wannan binciken ai ya nuna bayan shekara biyun ba a ga ƙarin bambanci ba, kuma waɗanda suka fi kusa, 'yan ɗaki ɗaya jini ɗaya, su ne suka fi samun kariya kaɗan. Wato wanda ya fi buƙata shi ya fi ƙarancin amfana. Wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi damuna: ranar da Sabi'u ya tsaya da babur ƙofar gidan nan ya fara kiran maƙwabta, ya gama tallar yarinyar nan. Shekara goma masu zuwa ana tuna mata. Sauran masu tabo a ƙauyen kuma suna kallo, za su ce ashe haka ake tona mutum, su ƙara rufe jikinsu. Ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago.

Dakta Hauwa: Baba, shi ya sa ƙa'idar ta ce ba a zuwa wurin makusanta sai da yardar mai cutar, a nan kuma iyayenta. Ban ce a yi shela ba. Amma ka duba ɗaya gefen: in ba a je ba, wanda ya sa mata yana nan yana numfashi a kan ƙannenta. Kuma ni a ganina babbar ribar rigakafin nan ba ƙwayar maganin ba ce, dalilin shiga gida ne. Da in ka ce za ka duba mutane sai su ce me za ka ba mu. Yanzu akwai abin bayarwa, suna tsayawa a duba su, a nan ake tsintar ɓoyayyun.

Baba Ilu: "Yarda" a takarda daban, a ƙauye daban. Uba zai ce ya yarda don yana jin nauyin ma'aikaci, ya koma gida ya hana yarinya zuwa karɓar magani.

Anti Rabi: Ni abin da ya yi mini aiki shi ne kada in ambaci kuturta a bakin ƙofa. Mukan sanar da ranar duba cututtukan fata ga kowa da kowa a unguwar, mai ƙazuwa ya zo, mai makero ya zo, kowa ya samu abin da ya samu. Cikin taron nan babu mai sanin gidan da muka zo dominsa.

Dakta Hauwa: Wannan dabara ce mai kyau, kuma tana da goyon baya. A wasu ƙananan tsibirai na Indonesiya da cutar ta yi yawa an gwada ba dukkan jama'a rigakafin, ya fi ba makusanta kaɗai tasiri. Sai dai yana cin magani da ma'aikata, ba kowace gunduma za ta iya ba, kuma sai inda masu cutar suka taru a wuri ɗaya yake da ma'ana. Malam Sabi'u, ka ɗauko rajistar shekara biyar zuwa goma, ka ɗiga kowane mai cuta a taswira ƙauye-ƙauye. Kuturta ba ta bazuwa bai-ɗaya, tana yin curi. Za ka ga ƙauyuka uku ko huɗu sun kwashe mafi yawa. Ɗan man da kake da shi can za ka ƙona shi.

Maman Fadila: Da ni aka tambaya a lokacin, da na ce a duba 'yan gidana amma ban da maƙwabta. Yanzu da hankalina ya kwanta zan ce a duba kowa. Ku riƙa ba mutum lokaci, kada ku tambaye shi ranar da kuka gaya masa ciwonsa. Ranar ba ya jin komai.

Baba Ilu: Wannan kam na karɓa. Ko ni ban taɓa tsara ta haka ba.

Sabi'u, kafin in manta, mutum biyun nan masu yatsu. Ka tambaye su yaushe raunin ya fara. In bai wuce wata 6 ba, maganin firedinisolon na iya ceto jijiyar, kada ka tsaya jira. Kuma ka gaya wa duk wanda ke kan magani, har wanda ya gama, cewa in tabo ya kumbura ya yi ja, ko jijiya ta fara zafi, ko ƙulluka masu ciwo suka fito da zazzaɓi, ko ido ya ƙi rufuwa, ya zo ranar, ba ranar karɓar kati ba. Garkuwar jiki ce ke faɗa da ragowar ƙwayoyin, ba maganin ne ya ƙi ba, kuma ba a tsayar da shi. Yawancin nakasar da na gani a cikin irin wannan tashin ta faru. Wanda kuma ƙafarsa ta riga ta mutu, ya jiƙa ta a ruwa kullum, ya goge kanta, ya shafa mai, ya duba tafin kamar mai neman allura, kada ya taka ƙasa ba takalmi.

Sabi'u: Na gode ƙwarai, duk na rubuta. Rahoton dai na cire maganar kawarwa, na sa adadin yara da na nakasa mataki na 2 a sama, na kuma rubuta cewa shekara biyu ba mu fita nema ba. Shugabana bai ji daɗi ba amma ya sa hannu.

Nura: Malam, don Allah in ka je gidan ka dawo ka ba mu labari.

Sabi'u: Salam. Na dawo da labari kamar yadda Nura ya roƙa. Na bi shawarar Maman Fadila, na bari sai zuwan yarinyar na biyu sannan na yi wa mahaifinta maganar. Ya yarda a duba 'yan gida, maƙwabta ya ce a'a, ban matsa ba. Na tafi da ma'aikaciya mace. Mun duba mutum goma sha ɗaya, yara duk lafiya. Amma akwai ƙanin kakanta da ke kwana a zaure, ba shi da tabo ko ɗaya, auduga duk ya ji. Har na sallame shi sai maganar Garba ta faɗo mini, na dubi kunnensa da girarsa. Ya ce hancinsa ya fi shekara uku a toshe. Garba, zan iya ɗaukar gwajin fatar a can in kawo, ko sai na taho da shi?

Garba na ɗakin gwaji: In ka taɓa yi ka ɗauka a can, fatar kunne da wuri ɗaya da ya fi kauri. Ka matse sosai kada jini ya shiga, ka bari ya bushe, ka ɗan gifta gilashin ta kan wuta, ka rubuta suna a jiki. In ba ka taɓa yi ba kada ka koya a kansa, taho da shi.

Sabi'u: Ban taɓa ba. Zan ɗauko shi ranar Litinin in Allah ya kai mu.